Malamar da Ta Tayar da Baba Daga Kujera

"Taswirarka ce ke ƙarya, ba ni ba."

"Taswira ba ta ƙarya, Direba. Ƙwaƙwalwarka ce ta yi faci."

"Shekara ashirin da shida ina bin titin nan da bas. Duk damina a nan tayata ke nutsewa, daidai ƙofar gidan burodi. Rafi ne a ƙasa."

"Rafin yana can bayan asibiti. Da hannuna na auna filin."

"To hannun naka ne ya karkace."

Tsofaffi biyu ne, Direba da Mai Awo, dukansu 'yan fansho, suna musu a bakin titi da hantsi. Wasu tsofaffin sun kewaye su, kowa da littafin rubutu. Daga shagon da nake aiki nake kallo. A bayansu wata gajeriyar mace mai tabarau tana tsaye, ba ta da niyyar raba su. Ita ce Malama, ita nake yi wa wannan jinjina. Can gefe kuma mahaifina ne, riƙe da sandar ƙarfe. Wata goma sha huɗu rabonsa da wuce ƙofar gida.

Malama ma'aikaciya ce a ɗakin karatu na unguwarmu. Ba ita ce shugaba ba, ba ta taɓa zama ba. Shekara talatin da ɗaya tana zuwa bakwai da rabi, ta buɗe tagogi, ta goge kantoci, ta liƙe littattafan da bangonsu ya yage, ta jera jaridu. A wajen jera jaridun ta lura da su. Tsofaffi kan zo su karanta jarida, su gama, su sake karantawa, su ɓige da gyangyaɗi. Shekara tara da suka wuce ta roƙi a ba ta ƙaramin ɗakin baya, inda ake jibge karyayyun kujeru. Ta share shi da kanta, ta buɗe ajin Talata.

Abin da ake koyo a ajin shi ne garin kansa: tarihinsa, bishiyoyinsa, tsuntsayensa, sana'o'in da suka mutu. Doka ɗaya ta kafa. Ba a rubuta komai daga zaune. Duk abin da za a sa a littafi, sai an taka an je wurin. Haka wata tsohuwar nas da ta yi rayuwarta cikin warin magani ta koyi bambance tsuntsaye da kukansu. Haka wani tsohon tela ya koya wa ajin gane shekarun hoto daga ɗinkin wuyan riga.

Baba shekara talatin da biyar ya yi a hukumar ruwa. Aikinsa gano bututun da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Yakan kafa sandar ƙarfe a ƙasa, ya ɗora kunne a ɗaya kan, ya ce a tona nan. Da ya yi ritaya ya zauna a kujerar falo, shi ke nan. Likita ya ce jikinsa lafiya lau. Maganarsa ta koma "to" da "a'a". Mama takan ce, "Kujerar nan ta fi ni sanin mijina." Tana dariya take faɗa, amma ba dariya ba ce. Ni kuwa na fara lissafa shi cikin kayan ɗaki.

Sau uku Malama ta zo gidanmu. Na farko bai ɗaga kai ba. Na biyu ya ce wa Mama ta ce ba ya nan, Malama tana tsaye tana ji. Na uku ba ta ambaci aji ba.

"Baba, ba karatu na zo kiran ka ba. Ruwa ne ya ɓace mana. Akwai wasu tsofaffi biyu da za su cinye juna a kansa."

Baba ya ɗaga kai ya dube ta. Sannan ya ce, "Wane layi?"

Abin da ya kai shi bakin titi ran nan ke nan. Ya durƙusa a kan kwalta, gwiwarsa na ƙara. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Motoci suka fara hon. Malama ta shiga tsakiyar titi ta ɗaga hannu, suka tsaya mata.

"Ku yi shiru," in ji Baba. Ba roƙo ba ne. Rabon da in ji wannan muryar har na manta.

Ya saurara. Ya matsa taku shida, ya sake saurarawa.

"Akwai ruwa. Ba bututu ba ne. Bututu huci yake yi, wannan tafiya yake yi. Direba ya yi gaskiya."

Direba ya kusa taka rawa. Mai Awo ya fizge sandar, ya manna kunne, ya rufe ido.

"Ni ban ji komai ba."

"Shekara uku na yi kafin in ji. Ka dawo Talata, in fara koya maka."

Ya dawo. Har yanzu yana zuwa, har yanzu bai ji ba, har yanzu bai yarda ba. Amma ya gyara taswirarsa da fensir.

Malama, ke ce kika gane abin da mu 'ya'yansu muka kasa ganewa. Mu muna ce musu su huta. Ke kika ce musu akwai aiki. Ke ce ba ki taɓa ce wa tsoho ya zo ya koya ba, sai dai ki je masa da tambayar da shi kaɗai zai iya amsawa, in ya shigo kuma ya tarar da nasa abin koyon. Mai haƙurin tsayuwa a ƙofar da ba a yi mata maraba ba. Ba wanda ya ba ki lambar yabo. Ni ma ba ni da ita. Abin da nake da shi shi ne uba da ke tashi da safe yana neman takalminsa. Na gode. Allah ya saka miki.

Ku da ke karanta wannan, in akwai tsoho a gidanku da ya yi shiru, kada ku ƙara masa matashi a kujera. Ku nemo abin da ya sani, ku je ku tambaye shi. In ya kore ku, ku koma.

Ƙarshen watan nan Malama za ta yi ritaya. Idonta ya yi rauni, za ta koma wajen 'yarta a wani gari. Shugaban ɗakin karatu ya ce ajin zai ci gaba in an samu wanda zai ɗauki nauyinsa daga cikinsu. In ba a samu ba, za a rufe ɗakin. Na san inda Baba zai koma in aka rufe. Ban yarda ba, kuma na gaya masa a gaban Mama.

Talatar da ta wuce na nemi izini a shago na je ajin. Bayan an gama, Malama ta ciro makulli ta ajiye a tsakiyar tebur. Direba ya duƙufa cikin littafinsa. Mai Awo ya shiga goge tabarau. Hannun Baba yana kan tebur, tazarar ɗani ɗaya daga makullin. Bai matsa ba, bai kuma janye ba.

Malama ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To, ɗalibaina, wa zai buɗe mana ranar Talata?"