Makon da Aka Hana Mu Kanwa

Na yi dakon tumatir, na yi yasar hanyar ruwa ina tsaye cikin laka har gwiwa, amma ban taɓa shan wahala irin ta makon wake ba.

Lokacin ina masinja a wani ƙaramin ofishin manoman rani tsakanin Kura da Bunkure, shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauye. Mu tara ne a ofis. Matata ce ke dafa mana abincin rana, ni nake ɗauko shi cikin kula a bayan keke. Shekara bakwai tana yi, shinkafa da miya, ran Juma'a da nama, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Sai manajanmu ya je asibiti a birni, likita ya ce jininsa ya hau, tumbin ma ya yi yawa. Ya dawo da takardar Turanci mai hotunan kwanuka. Ya tara mu ya ce an daina shinkafa, wake za a ci, kowace rana na wata ƙasa. A garin da ko tuntuɓe ka yi a kan buhun shinkafa za ka faɗa.

Shi ya fassara min, don bokona bai wuce rubuta sunana ba. Da ya gama na ce, "Yallaɓai, ban ji kanwa ba."

"Babu kanwa a takarda."

"Wake ne fa."

"Da kai da likita wa ya fi sani? In iyalinka ba za ta iya bin takarda ba, akwai mai gidan abinci a Kura da ta yi kwas. Na ba ku zuwa Juma'a."

Wannan ce ta tsaya min a wuya. In aka karɓe girkin, unguwa duk za ta ji an kori matata don ba ta iya dafa wake ba, ni kuma in riƙa wucewa ta ƙofar gidana da kular wata mata a keke.

Ran Litinin na Masar ne: a dafa, a murje, a zuba lemon tsami da man zaitun. Man zaitun a wajenmu sai wurin mai maganin Musulunci, 'yar kwalbar da ake tofi a ciki. Na sayo huɗu. Matata ta dube su ta ce, "Malam, wa aljanu suka kama a ofishin naku?"

"Manaja. Zuba kawai."

Tun hantsi waken ke kan wuta, itacen kwana uku ya cinye, aka sauke shi yana ƙara a tukunya kamar tsakuwa. Ta haɗa da muciya da taɓarya kafin ya murju. Muka ci. Manaja ya ce haka ake ci a Masar.

Ran Talata na Indiya ne, da kori da citta, mai ruwa-ruwa. A ranar abin ya fito fili. Dattijon da ke buɗe ƙofar ruwa shi ke jan mu sallah. Ya tayar da La'asar, a raka'a ta biyu sai ya ja baya, ya jawo direba gaba, ya nufi buta. Direba ya yi raka'a ɗaya, ya jawo akawu. Akawu bai kai ruku'u ba ya miƙo hannu baya, hannun ya same ni. Allah ya rufa asiri La'asar ce, ba a bayyana karatu. Na sallame, na waiga, mutum biyu ne a bayana, ɗaya ma baƙo ne. Sauran suna layin buta, kowa na kallon sama kamar ana duban wata.

Ba wanda ya yi maganar. Manya ne.

Ran Laraba na Ingila, wake da tumatir da sukari a kan burodi. Matata ta ce ita ba ta gani ba, ta juya baya na zuba sukarin. Randar ofis ta ƙare sau biyu. Muna zaune a tsakiyar ruwan da ke shayar da gonakin gari guda, ni ina safa da jarka don alwala. Dattijo ya makara wajen buɗe ƙofa, masu albasa suka zo da fatanyu a kafaɗa suna tambayar ko madatsa ce ta ƙafe. Ya ce musu, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana, lalura ce daga ƙasar waje."

Ran Alhamis na Meksiko. Manaja yana da baƙi daga birni, ya fita daga taron sau biyar, kullum da waya a kunne, wayar da ba ta da sabis sai an hau kan gada. Da yamma ya kira ni.

"Hannun iyalinka ne. Gobe ce ta ƙarshe. Na Brazil."

Ya karanto: wake, shinkafa, albasa, mai, barkono. Na ce, "Har da shinkafa, Yallaɓai?" Ya ce a Brazil an yarda.

Da na faɗa wa matata, ta ajiye tsintsiya. "Garau-garau ke nan. An zagaya duniya da ni mako guda a dawo garau-garau?"

Ran Juma'a da ta ɗora tukunya na aike ta ɗauko min hula a ɗaki. Kafin ta fito na jefa kanwa kamar kan babban yatsa. Waken ya nuna luguf. Ta dube shi, ta dube ni, ba ta tambaya ba.

Manaja ya ci faranti biyu, ya yi barcinsa lafiya a kujera har La'asar, dattijo ya kai mu raka'a huɗu shi kaɗai. Bayan sallah manaja ya ce, "Ba a sa kanwa ba ko?"

"Wallahi, Yallaɓai, matata ba ta sa ba."

"Ka gani? Takarda ke nan. Ta ci gaba da girki. A tsaya a Brazil, ya fi karɓar mu."

Washegari da sassafe na hau keke na je wajen mai kayan miya, na sayi dunƙulen kanwa babba, na naɗe shi a tsohon buhun taki, na cusa a rufin ɗakin awaki inda ba za ta gani ba, don in an rantsar da ita ta rantse da gaskiya.