Hoton da Muke Juyawa Kafin Salla

A gidan da muka kama haya a unguwar Whalley Range da ke Manchester, farkon shekarun dubu biyu, mun tarar da wani tsohon hoto rataye a bangon falo. Baturen da ya ba mu hayar ya ce kada a cire masa shi. To, bangon nan shi ne alƙibla, hoton kuma cike yake da mutane. Don haka duk lokacin salla sai mijina ya juya shi ya fuskanci bango, in ya sallame ya juyo da shi.

Zane ne baƙi da fari, da rubutun Faransanci a ƙasa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Jos ta ce irinsa a kan dutse ake zanawa, sannan a buga a takarda. 'Yan wasan kwaikwayo ne a bayan labule. Wani ƙato ya shafa hoda rabin fuska, wata mata ana ɗaure mata riga tana kumbura baki, sai wani siriri da ya manna ido a wata 'yar ɓula yana leƙen 'yan kallo. Ni dai ban ga abin birgewa ba. Mijina kuwa yakan tsaya gabansa da kofi a hannu har shayin ya huce.

Kafin mu taso, ɗan wasan kwaikwayo ne a Kaduna, shi yake rubuta nasa da kansa. A kan dandamali na fara ganinsa, na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Wannan mutumin na aura. A Manchester kwalaye yake ɗauka a wani sito a Cheetham Hill.

"Kin ga siririn nan?" ya ce min wata rana. "Ba yawan jama'a yake dubawa ba. Mutum ɗaya yake nema."

"Kai ma haka kake yi?"

"Layi na uku, kujerar gefe. Kullum a makare kike zuwa."

Da fari, in ina girki sai ya yi ta ara wa mutanen hoton baki, ƙaton da muryar mahauci, matar da muryar uwata. Ya ce shi da wasu 'yan Kumasi da suke aiki tare za su kafa ƙungiyar wasa. "Bari dai shift ɗin aikin nan ya yi sauƙi," in ji shi. Bai yi sauƙi ba. Wata rana na ga an idar da la'asar hoton na nan yana kallon bango. Na juyo da shi, washegari ma haka. Daga baya na yi zuciya na ƙyale, ban ce masa komai ba. Har yau ina jin ciwon wannan shirun.

Da ya sami aikin tuƙin bas a Birmingham muka koma can, hoton muka bar wa mai shi. Bayan 'yan shekaru 'yarmu ta dawo daga makaranta da murna, an sa ta a wasan ƙarshen zango. Ta roƙi babanta ya koya mata.

"Je ki wajen mamanki," ya ce. "Ni me na sani a drama?"

Raina ya ɓaci. Na tashi na ɗaura filo a ciki, na shiga yi musu wani tsohon wasansa, na alhajin da ya je asibiti yana koya wa likita aiki. Ban manta ko kalma ɗaya ba. Yarinya tana dariya, shi ma yana yi har da hawaye. Rabon da in ji dariyar nan na manta, kuma na yi kewarta ba kaɗan ba.

Ya share ido ya ce, "Ke, a ina kika samo wannan? Wa ya rubuta?"

Na jira ya ce wasa yake. Da gaske yake tambaya. Na kwance filon na ajiye, na ce masa wani ne da na sani a Kaduna.