Garin tattasai a Lazaret

Shekara biyu na yi ina aikin tantance labari a wani ɗaki da ke saman shagon masu gyaran waya a Zongo. A nan ake ɗaukar wani shirin bidiyo da mutanen Yamai ke kallo a wayoyinsu: mutum ɗaya gaban kyamara yana faɗin ra'ayinsa kan abin da ake ciki a gari. Aikina in karanta takardarsa kafin a ɗauka. Maganar da na tabbatar in ja mata layi da koren bik, wato biro, wadda ban tabbatar ba da ja.

Na taso a kan ƙananan littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano, kuma a cikinsu ban taɓa cin karo da mai daɗin murya da ya zama mugu ba. Mai shirin namu yana da irin muryar. Yakan ce mini "ƙanwata", ni kuwa ina jiran ranar da zai daina.

Wata Talata aka turo mana bidiyon wata tsohuwa mai sayar da barkono a kasuwar Lazaret, tana juye wani jan gari daga gwangwani cikin kwanon barkononta. Wanda ya turo ya ce garin bulo ne. Aka aike ni.

Na same ta ƙarƙashin rumfar buhu. Bazabarmiya ce, Hausarta ta kasuwa ce. Da na nuna mata bidiyon sai ta yi dariya har ta share ƙwalla.

"Bulo? Ɗiyata, wa ke da ƙarfin dakan bulo? Tattasai ne. Barkonon bana ya cika zafi, matan gari suna ƙorafi, shi ya sa nake sassauta shi. Buɗe hannunki."

Na lasa. Tattasai ne, har da ɗan zaƙinsa. Ta ƙulla mini kaɗan a leda, ta ce in kai wa mijina. Na ce ba ni da shi tukuna. Ta ce to in kai wa wanda nake tunani.

Na koma Zongo na faɗa wa mai shirin. Ya saurare ni yana murza zoben hannunsa.

"A Lazaret aka ɗauka?"

"Eh, shef."

"Ita ce a ciki? Tana zuba jan gari?"

"Tana zubawa, amma tattasai ne."

"Wannan ita ta faɗa. Harshenki laboratuwar ne?" Ya yi murmushi. "Ba zan ce bulo ne ba, ƙanwata. Tambaya kawai zan yi."

Ƙa'idar ɗakin ke nan: magana ake tantancewa, tambaya ra'ayi ce, bik ɗina ba ya taɓa ta. Ya miƙo takardar. Maganganu uku ne a ciki, duka gaskiya. Sauran shafin tambayoyi. Ina riƙe da ita ya ce launin mayafina ya karɓe ni. Na ja kore sau uku.

Ya yi shirin da kyau. "Mun bincika, a Lazaret ne. Me ke cikin gwangwanin nan? Me ya sa take waige-waige? Me ƴaƴanmu suka ci jiya?" Bai ambaci tattasai ba ko sau ɗaya. Ina bayan kyamara ina kallon bakinsa, kuma ba zan ɓoye ba, abin da ke cikin raina maganar mayafin ce.

Bayan mako biyu na koma kasuwar, na ce wa kaina sayen albasa zan je. Kwanukan tsohuwar cike suke har baki. Wasu ƴan mata suka wuce, ɗaya ta ce, "Iya mai bulo, nawa kwanon gini?" Maƙwabciyarta mai daddawa ta janye tirenta nesa da ita.

Ta hango ni, ta miƙe da ƙyar ta kama hannuna.

"Ga ta nan. Wannan ta lasa da bakinta. Ɗiyata, faɗa musu."

Mutane suka fara taruwa. Wani tela da ma'auni a wuya ya ce, "Ke ce mai binciken shirin? To bulo ne ko ba bulo ba?" Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Na san kafin la'asar duk abin da na faɗa zai isa Zongo, ya shiga kunnen mai shirin.

Na ce, "Shirin bai ce bulo ne ba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Duk abin da shirin ya faɗa an tantance shi."

Tsohuwar ta saki hannuna a hankali. Ba ta zage ni ba. Ta faɗi wata magana da Zabarmanci wadda ban ji ba, mai daddawa ta sunkuyar da kai. Daga nan tsohuwar ta shiga rufe kwanukanta ɗaya bayan ɗaya, ko azahar ba a kira ba.

Kafin watan ya ƙare mai takalman roba ne a gurinta. An ce ta koma ƙauyen Tondibia wurin ƙanenta. Ban tantance ba.