Tulun Irin Gyaɗar Kakata

Bari in faɗi gaskiya yau: ni na fasa bakin tulun nan. Ba akuya ba ce, kamar yadda na so in ce a lokacin.

Ina ɗan shekara tara, a ƙauyenmu na ƙasar Bunguɗu. A ƙuryar ɗakin kakata akwai wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka, ni kuwa duk abin da aka liƙe, a wurina zuma ce. Wata rana da hantsi ta tafi gidan suna, na sa dutse na ɓamɓare lakar. Babu zuma. Gyaɗa ce ɓararriya, ƙanana jajaye, an cuɗe ta da wani farin gari. Na hure garin na ci. Na kira abokaina biyu, suka ci, suka cika aljihu.

Yayana ya same ni ina lasar yatsu. Ya leƙa tulun, ya ce, "Iri ka ci? Ai da maganin ɓera ake cuɗa shi. Ka nemi gafarar mutane kafin la'asar."

Na kwanta a gindin rumbu na fuskanci gabas. Na bar wa ƙanena danƙon harbina. Na yafe wa duk wanda ya taɓa dukana, ban da yayana.

A haka kakata ta tarar da ni. Na ce, "Inna, na ci guba, tafiya zan yi."

Ta shafa garin a bakina ta shinshina. "Tashi, mijin wofi. Toka ce, don ƙwari. Mutuwa ma ba ta son ɓarawo."

Sai ta leƙa tulun, ta ga ɗan abin da ya rage.

Ta zauna a bakin ƙofa ta ce daga gidan ubanta ta zo da irin nan, tun zamanin da gyaɗa ke riƙe da garinmu, ana loda buhuna a kan jakuna zuwa tashar jirgin ƙasa a Gusau. Da cuta ta kama gyaɗa, mutane suka koma auduga. Auduga ta karye, samari suka tafi haƙar zinare. Ita dai kowace damina sai ta shuka tata a gonar daji, ta ware iri. Amma damina biyu ke nan ba mai taka gonar daji saboda 'yan bindiga, iri kuwa in ya daɗe a ajiye ba ya tsira.

"Wagga ita ta rage," in ji ta. "Ba a sayar da ita a kasuwa."

Na bi abokaina da gudu, na zazzage aljihunsu har da na wanda ya cije ni. Duka da na gindin tulu, bai cika ƙwarya ba.

Da ruwan farko muka shuka a bayan gida. Kwana bakwai ina tsugune a wurin da sanda, ina korar kaji, gabana yana faɗuwa duk safiya in na ga ƙasa ba komai. Na rame har wandona ya daina gane ni.

Kunya huɗu suka tsira. Da lokacin kaka ya yi, kakata ta cika tulun, ta sa ni na kwaɓa lakar da hannuna.

Kakata ta rasu bara. Tulun yana ɗakin mahaifiyata, a bayan gida muke shukawa. Gonar daji kuwa har yau ba wanda ya koma.