Neman Sabis a Kan Tudun Yashi

A 'yan shekarun baya, tun gwiwata ba ta fara yi mini gardama ba, na bi wani ayarin masu yawon buɗe ido zuwa tuddan yashin da ke can ƙuryar arewacin Yobe, dab da iyakar Nijar. Waɗanda suka ga hotunan da na ɗora a lokacin sun yi ta cewa lallai Malam ya huta. Gaskiyar magana, ban taɓa yin tafiyar da hankalina ya ƙi kwanciya kamarta ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar kuɗi da ke Narayi, a Kaduna. Na daɗe ina zana wa yara tudun yashi a allo, har da kibiyar da ke nuna ta inda iska ke bugowa, alhali yashin da na sani bai wuce wanda tifa ke juyewa a ƙofar masu gini ba. Abokina ya ishe ni da tsiya a kan haka. Tare muka taso a Kakuri, iyayenmu maza suna aiki a masaƙa ɗaya, ɗakinsu yana kallon namu a gidan haya. Su Musulmi, mu Kirista, amma kwanonmu ɗaya har muka yi wayo. Bayan wani rikici da aka yi a garin, su suka koma Tudun Wada, mu muka yo Narayi, kogi ya shiga tsakani. Ni da shi ba mu rabu ba, iyayenmu mata kuwa sai dai saƙon gaisuwa a bakinmu.

Shi ya zo mini da maganar. Ya ce akwai wani mutumin yankin da ke jagorantar baƙi, tafiyar ƙasa ce ta kusan mako, raƙuma su ɗauki kaya, a kwana a tanti.

"Malam, ka zo mu je ka ga abin da kake koyarwa," in ji shi. "Gani ya kori ji. Kuma babu sabis ko ɗigo, ka huta da waya."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa gabana ya faɗi, kuma sai na gaya muku dalili. A rikicin nan, yayana ya fita da safe zai tsallaka gada zuwa cikin gari, bai dawo ba, har yau ba mu ga ko takalminsa ba. Tun daga ranar mahaifiyata ba ta sake hawa gadar nan ba, kuma ba ta sa abincin dare a baki sai ta ji muryar kowane ɗa nata. Ƙanwata tana gida tare da ita. Ni ne mai kira kowace yamma, ko ina nake. Sau ɗaya aka taɓa sace mini waya a hanyar Zariya, ban kira ba. Ta sha maganinta na ciwon suga, ta ƙi cin komai har washegari, sai tsintar ta aka yi a ƙasa. Likita ya ja mana kunne sosai a kan kada a sake.

Sai na yi dabara irin ta masu boko. Na ɗauki muryata a wayar ƙanwata, gaisuwa daban don kowace yamma, na je na kunna wa mahaifiyata ta ji. Tana tsince acca a faranti, ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Muryar jiya ce wannan," ta ce. "Muryar jiya ba ta gaya mini kana da rai yau."

"To Mama, na fasa."

"Wa ya ce ka fasa? Kai yaro ne? Ka je."

"Za ki ci abinci?"

"Allah ya tsare hanya," ta ce, ta ci gaba da tsintarta.

Ƙanwata ta raka ni bakin titi tana cewa in bar mata komai, za ta san yadda za ta yi. Na yarda da ita don ina so in yarda. A ƙasan zuciyata ina ƙishin in kwana sau ɗaya a wani wuri ba tare da na duba agogo da yamma ba.

Muna barin kwalta sabis ya ɗauke. Mota ta sauke mu a wani ƙauye inda ɗan jagoranmu ke jira da raƙumansa, dattijo ne siriri mai ƙarancin magana. Da yammar farko muka kafa tanti a gindin wani tudu. Wuri ne da ban taɓa ganin irinsa ba, yashi ja-ja har iyakar ganinka, babu ƙahon keke, babu ƙarar janareta. Kowa ya tsaya yana kallo. Ni kuma idona ya kai kan agogo, na ga lokacin kiran ya yi. Na hango ta zaune a kan tabarma, waya a cinya, kwano a rufe. Aka zuba mini shinkafa da wake, na yi ta juya cokali.

Daga nan na zama abin dariyar ayari. Duk tudun da muka tarar sai na hau, hannu a sama, waya tana kallon sararin Allah. Wanda bai taɓa hawa tudun yashi ba ba zai gane ba: ka ɗaga ƙafa ka taka, yashin ya dawo da kai kusan inda ka taso. In kai sama ina haki, takalmi cike da rairayi, in juya gabas, in juya yamma, in sauko. Wata mata a cikinmu, ma'aikaciyar banki ce da ta zo hutu, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya zo hamada aikin kamfanin waya ba. Na yi dariya tare da su.

Tsarin ɗan jagoran shi ne a tashi da sassafe, a yi ta tafiya har rana ta fara zafi, sai a sauka a wani dausayi a kwanta ƙarƙashin goruba, ba mai motsi sai la'asar. Waɗannan sa'o'in zaman su suka fi cin raina. In ana tafiya, gajiya tana ɗauke mini hankali. In an kwanta kuwa, sai in tashi, in zauna, in zaga raƙuma, in dawo, kamar kazar da ke neman wurin saka ƙwai. Tudun da na shekara ina zanawa yana gabana, ga gefen da iska ta lallaɓa, ga gefen da ya yanke, amma ban iya tsayawa na dube shi da kyau ba.

Da na kasa daurewa na sami ɗan jagoran yana dafa shayi, na zayyana masa komai. Ya ce akwai wani tudu da makiyaya suka kafa wa sanda a ka, nan ne kaɗai waya ke kamawa a duk yankin, amma sai dab da ƙarshen zagayenmu za mu bi ta wurin. Na roƙe shi ya ba ni raƙumi ɗaya ya nuna mini hanya.

"Ba na raba ayari, Malam," ya ce. "Yanzu kira take jira. In ka ɓata a nan, me za ta jira?"

Bai san labarin yayana ba, ban gaya masa wannan ɓangaren ba. Sai na huce a kan abokina, na ce shi ya jawo ni wannan wuri. Ya ce in ci abinci kada a samu marasa lafiya biyu, ya ƙara da cewa shi ma ai uwa ya bari a gida.

"Taka tana cin abinci," na ce masa.

Ranar ba mu sake magana ba, ko da yake tanti ɗaya muke kwana.

Ashe ya je ya gaya wa sauran. Washegari suka sami ɗan jagoran suka ce sun yafe zuwa tafkin kanwar da ke cikin tsarin tafiyar, a miƙe kawai zuwa tudun sanda. Matar bankin nan ce ma ta fi kowa matsawa. Duk da haka sai da muka sake kwana a hanya, kuma a ranar da za mu isa ni ne a gaban raƙuma, ana ta kira na in rage sauri.

Rana ta yi ƙasa sosai lokacin da muka hango sandar, da wani tsumma ɗaure a kanta. Na hau da ƙafa da hannu. Ina kaiwa sama wayar ta yi ƙara, sanda ɗaya tak ta sabis ta fito. Daidai lokacin kiranmu ne. Na danna lambarta.

Ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ku sani, a irin wannan lokaci wayar mahaifiyata ba ta taɓa yin ƙara biyu ba a ɗauka ba. Na sake kira, ta sake tsinkewa. Na zauna a yashi ina riƙe da sandar makiyaya, na ga gadon asibiti, na ga ƙarin ruwa, na ga abin da ya fi haka. A kira na uku aka ɗauka, muryar ƙanwata ce.

"Yaya, Mama ta ce ka ɗan jira, hannunta da miya."

Na ce ta maimaita, ta maimaita. A bayanta ina jin ƙarar kwano da dariyar wata tsohuwa, dariyar da na sani tun ina yaro amma na kasa tuna ta wace ce. Abokina ya iso sama yana haki, na buɗe masa muryar wayar. Ya saurara, ya dube ni.

"Wannan ai Hajiya ce," ya ce. Mahaifiyarsa yake nufi, kuma shi ma bai san da zancen ba.

Sai ga muryar mahaifiyata, da sauran loma a baki. "Kana lafiya? To madalla. Ka gaishe da ɗan'uwanka. Abinci yana hucewa." Kafin in ce wani abu sabis ya ɗauke. Na zauna a wurin ina kuka ina dariya, abokina yana tambayar ko uwar wa ce yanzu ba ta cin abinci. Da muka sauko na cinye kwanona na nemi ƙari.

Sai da muka dawo Kaduna ƙanwata ta ba ni labarin. Yammar farko mahaifiyata ba ta ci ba, washegari ma ruwan shayi kawai ta kurɓa, ƙanwata har ta fara kuka. Da la'asar sai ga keke napep ya tsaya a ƙofar gida, Hajiya ta fito da kula a hannu. Abin da ɗanta ya gaya mata kawai shi ne da wa zai yi tafiya, da cewa babu sabis. Ita ce ta zauna da mahaifiyata a kwanakin da ake neman yayana, tana ba ta kunu a cokali, don haka ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Bayan gaisuwa ta buɗe kula, tuwon shinkafa da miyar taushe, ta wanke hannu ta ce bismilla.

"Ki ci, Hajiya, ni na ƙoshi," in ji mahaifiyata.

Hajiya ta mayar da murfi. "Tun daga Tudun Wada na tsallako, a ce na ci ni kaɗai a ɗakinki kina kallona? Haka muka yi a Kakuri? To mu zauna, nawa ɗan ma yana can."

Suka zauna har miyar ta fara sanyi. Mahaifiyata tana iya jure yunwa, amma ba za ta iya jure a ce baƙuwa ta bar gidanta da yunwa ba. Ta jawo ruwan wanke hannu. Washegari ita ta dafa faten acca don ramuwa, Hajiya ta sake zuwa, ta yi sallar magariba a kan tabarmar ɗakin, haka suka yi ta yi har muka dawo. A zuwanta na ƙarshe ta tafi ta bar kular, wai mantuwa.

Na daɗe ina ɗauka cewa ran mahaifiyata a wayata yake rataye. Da na ji ta bar kirana yana ƙara saboda tana cin tuwo, na yi murna, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ɗan ji kishi. Har yau ina kira kowace yamma, sai dai yanzu ba da faɗuwar gaba nake duba agogo ba.

Kwana kaɗan da dawowata na je gaishe ta, na tarar ta yi shirin fita, kular Hajiya a gabanta cike da dambu. Na ce ta kawo in kai mata, hanyata ce.

"Kai aka kawo wa?" ta ce. "Je ka tsayar mana da keke."

Da muka zo gada ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfi ta runtse ido, ɗaya hannun yana dafe da murfin kula don kada ya buɗe. Ba ta saki ba sai da muka sauka a ɗaya gefen. Sannan ta buɗe ido, ta taɓa jikin kular, ta ce wa mai keke ya ɗan ƙara sauri, dambu ba ya daɗi in ya huce.