A Bayan Keke Zuwa Dukawuya

Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba mai gyara mini shi. A shekarun yaƙin basasa mota ta yi wuya, kowa sai keke. Masu keken nan kuwa da ladabinsu. Ba ka wuce dattijo a ƙofar zaure kana bisa sirdi, sai ka sauka ka gaishe shi. In biyu suka haɗu a lungu, marar kaya ke raɓewa.

Wata rana da hantsi aka aiko daga Dukawuya cewa jikin Innata ya tsananta, tana kirana. Maigidana ya ɗora ni a bayan kekensa daga Ƙofar Kabuga. Duk zauren da muka zo sai birki, in sauka, ya sauka, a tambayi gida, a tambayi waɗanda ke bakin daga.

Na ce, "Malam, yau dai a yi mana uzuri."

Ya ce, "So kike a ce na wuce dattijo a kan keke?"

A wani lungu muka yi kiciɓis da mai keke ɗauke da buhun gero. Shi yana ganin mace a baya, Malam yana ganin buhu, kowa ya kafe sai ɗan'uwansa ya fara wucewa. Na tattare zanena na ratsa tsakaninsu da ƙafa.

Na tarar da Inna da sauran numfashi, har ta riƙe hannuna. Sanda Malam ya iso, an riga an rufe mata fuska.