Shekarar da Baba Ya Ajiye Tuƙi

Ni tun ina ƙarama bakina ba ya zama wuri ɗaya. Abin da na gani sai na tambaya, wanda ban gani ba ma sai na tambayi inda ya shiga. Shi ya sa kakata Saratu, mahaifiyar babana, ta daina kirana Hannatu ta laƙaba mini Sarkin Tambaya, sunan kuwa ya bi ni har makaranta. A Tsafe muke zaune a lokacin, can bayan tasha, gidanmu na cikin 'yan gidajen Kirista da ke unguwar. Wajen ƙarshen mulkin soja ne, shekarun da direba kan kwana a layin mai kafin ya samu na tafiya ɗaya.

Babana Ishaya direba ne, bas yake ja tsakanin Gusau da Funtuwa. Mutum ne mai fara'a, tun daga zaure ake jin dariyarsa. A daminar wata shekara shanu suka tsallako masa titi bayan an ɗauke ruwa, ya kauce musu, motar ta zame ta kwanta a gefen hanya. Fasinjoji suka fito da 'yan ƙuje-ƙuje, shi Baba ko ƙwarzane babu. Amma Lawali yaron motarsa, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, bai tashi ba. Iyayen Lawali suka zo daga Kekun Waje, suka ce kwanansa ne ya ƙare, babu wanda ya ga laifin Baba. Alhajin da ke da motar ya gyara ta, ya aiko cewa makulli na jiran Baba har Kirsimeti. In ta wuce bai zo ba, dole ya ba wani direban, don ba zai ajiye mota tana cin rana ba.

To, Baba dai jikinsa lafiya lau, amma ya kasa komawa. Da ya ji ƙarar hon daga titi sai hannuwansa su kama rawa, har kofin shayi yakan suɓuce masa. Dariyar nan ta ɗauke ɗif. Ya koma zaman ɗaki, Inna kuma, mahaifiyarmu, ta shiga soya ƙosai a ƙofar gida don mu samu na cefane. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ciwon da ba shi da jini ba shi da kumburi, a ina yake zaune? Na tambayi Inna, ta ce in ɓace mata da gani.

Wata Lahadi dattawan majami'armu suka zo yi masa addu'a. Na laɓe a bayan rumbu ina saurare. Bayan an ce amin, sai babbansu, Dattijo Bulus, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ɗan'uwa Ishaya, mai bi na gaskiya ba ya tsoro. Ka ƙara bangaskiya, wannan rawar jikin za ta bari.” Na san da kyakkyawar zuciya ya faɗa, amma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Haba! Mutum yana ƙasa, ka zo ka ƙara masa kaya? Da suka tafi na ji Baba yana ce wa Inna, “Rifkatu, in haka ne, ashe ni ba ni da bangaskiya ke nan. To me zan je in yi a can?” Daga ranar ya daina zuwa sujada.

Kaka ta ji duk abin da aka yi. Ita dama ba ta gardama da dattawa a gaban mutane, sai dai ta ja tsaki in sun fita.

Bayan girbi, da sanyi ya fara shigowa, muka koma al'adarmu ta kowace shekara. In an ci tuwo an kwashe kwanuka, sai Kaka ta tura karan dawa cikin murhu, ta binne gyaɗa a toka, mu kewaye ta. 'Ya'yan maƙwabta ma suna shigowa da zarar an idar da sallar isha'i, don a duk unguwar babu mai tatsuniya irin tata. Kullum kusa da madafa take zama. Amma wata rana sai ta ja kujerarta ƙiii har gaban ƙofar ɗakin Baba, wai hayaƙi ya dame ta.

Na duba da kyau, na ce, “Kaka, ai nan ɗin ne hayaƙin yake zuwa.”

Ta harare ni. “Sarkin Tambaya, yau in kika buɗe baki ba ki cin gyaɗata. Ku matso, ɗiyana, ga wata ta iso da ƙahwarta.”

Muka amsa yadda ta koya mana, “Mun shimfiɗa mata tabarma!”

Na kuma lura muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, kamar mai yi wa kurma magana, amma gyaɗa ta sa na haɗiye wannan tambayar.

Ta ce a wani gari can bakin gulbi an yi wani mai fito, sunansa Jatau. Kaka a wajen Bungudu aka haife ta, mahaifinta ma sana'arsa ke nan kafin gada ta zo, don haka sai da ta tsaya ta bayyana mana aikin. Mai fito yana da ƙatuwar gora. In gulbi ya kawo, sai ya zuba kayanka a ciki, kai ka rungume ta, shi kuma ya yi iyo yana tura ku har ƙetare. Ta ce mai hankali ba ya yanka ruwa kai tsaye, gaba yake hawa ya shiga, ya bar ruwan ya gangaro da shi daidai mashaya. Jatau kuwa ƙarfi ne da shi, kai tsaye yake yankawa, yana buga ƙirji yana cewa bai san abin da ake kira tsoro ba.

Wata damina gulbi ya cika ya batse, ruwa ya fizge wani saurayi daga hannunsa, ba a sake ganinsa ba. Tun daga ranar, da Jatau ya ji ƙugin ruwa sai ya ja da baya. Ya rataye gorarsa, ya shiga daji neman maganin tsoro. Ya je wurin kura, ta ce ita maganinta gudu ne, in yana so ta koya masa. Ya je wurin zaki, zaki ya sallami fadawansa, ya raɗa masa cewa shi ma in ya hango ƙahon ɓauna tsoro yake ji, amma kada ya gaya wa kowa. Nan muka kwashe da dariya, don Kaka ta iya muryar zaki mai jin kunya. Jatau ya dawo gida hannu biyu babu magani.

Yana zaune a bakin gulbi da yamma sai ga wata tsohuwa da jikarta a goye, zazzaɓi ya kama yarinyar, mai magani kuwa yana ƙetare. Ta ce ya fitar da su. Ya ce, “Iya, yi haƙuri, ni tsoro nake ji.” Tsohuwa ta ce, “Wa ya ce ka bar shi? Ɗauko shi mu tafi. Sa shi cikin gora tare da kayana, mu uku ke nan za ka fitar. Abu ɗaya kawai, kada ka bari shi ya yi iyon. Kai za ka yi.” Jatau ya ɗauko gora, tsoron na nan tare da shi. Wannan karon bai yanka kai tsaye ba, ya hau gaba ya shiga a hankali, haƙoransa na haɗuwa, yana kiran sunan Allah, har ƙafarsa ta taɓa yashin ƙetare. Yarinya ta sha magani ta tashi.

Kaka ta tafa hannu ta ce, “Nan ta tsaya. Wanda ya ga inda ta nuhwa, ya kamo mani ita gobe.”

Ni kuwa na kasa haƙuri, na yafe gyaɗar. Na ce, “Kaka, me ya sa bai roƙi Allah tun farko ba? Ai Dattijo Bulus ya ce mai bi ba ya tsoro.”

Na zaci za ta kore ni, sai na ga ta gyara zama, kamar dama tambayar take jira. Ta ƙara ɗaga murya ta ce, “Bulus yaron jiya na, ni na ga haihuwarsa. Mi ya sani? Shi kansa Yesu Almasihu, daren da za a kama shi, dariya ya yi? Zuciyarsa ta yi nauyi, ya yi gumi, ya roƙi abokansa su zauna da shi. Da ya gama addu'a ya tashi ya tahi ya taryi masu kama shi. To wa ya hi shi bangaskiya? Ko Bulus ne?”

Daga cikin ɗakin Baba na ji gado ya motsa, sai tari ɗaya. Kaka ta tono gyaɗa ta raba mana, har da ni, ta ce kowa ya kama gabansa.

Kada ku zaci gari na wayewa Baba ya miƙe ya nufi tasha. Ina! Kwanaki suka yi ta wucewa yana nan yadda yake, ni har na fara cewa a raina tatsuniyar Kaka ta tashi a banza. Sai wata Lahadi muna cikin waƙa a majami'a na waiga, na hango shi a benci na ƙarshe, kansa a sunkuye. Bai jira an tashi ba ya fice, amma dai ya zo.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, Kaka ta ɗaura sabon kallabi da sassafe, ta tsaya a ƙofarsa. Ta ce, “Ishaya, Gusau za ni in sayi atamfa, kuma ni ba ni shiga motar kowa sai taka. In ba ka zuwa, sai in yi Kirsimeti da tsumma, mutane su ce ɗana ya kasa.” Ta daɗe a tsaye. Can sai labule ya ɗaga, ya fito da hularsa a hannu. Ni ban jira an gayyace ni ba, na kama gefen zanen Kaka na bi su.

A tasha direbobi suka yi ca a kansa. “Malam Ishaya, barka da fitowa! Sannu, sannu!” Ya karɓi makulli, sai da ya yi ta lalube kafin ya shiga ramin. Kaka ta zauna a gaba, ni a cinyarta, mota ta cika muka tashi. Ban kalli hanya ba ko sau ɗaya, fuskarsa nake kallo. Da muka kusa inda abin ya faru, sai ya rage gudu har masu keke na neman wuce mu. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ga shi kuwa ana sanyi. Sai na ji ya ce da ƙarfi, a gaban kowa, “Ya Yesu, riƙe ni.” Wani dattijo mai carbi a kujerar baya, wanda ya san labarin, ya ce, “Allah ya tsare, direba. Mu je a hankali, babu mai sauri.” Mota duka ta ce amin. Muka wuce wurin, muka isa Gusau, Kaka ta zaɓi atamfarta ta kuma yi ta mitar tsada.

Baba ya ci gaba da tuƙi har muka gama makaranta, har na yi aure. Dariyarsa ta dawo, ko da yake ba ta kai ta da ƙarfi ba. Ni kuma na girma da wata fahimta da na ɗauka daidai ce: wai Kaka ta yi tatsuniya, Baba ya yi addu'a, Allah ya cire masa tsoro, magana ta ƙare. Haka na riƙa ba ƙawayena labarin a zumuntar mata ta majami'a. Ƙarfin zuciya a wurina wani abu ne da yake sauko wa mai bi rana ɗaya ya wanke shi tas. Shi ya sa da nawa kwanakin wahala suka zo, na yi addu'a ban ji nauyin ya sauka ba, sai na fara zargin kaina kamar yadda Baba ya taɓa yi. Ashe maganar Dattijo Bulus da nake jin haushinta, ita nake ɗauke da ita ban sani ba. Ban gane cewa mai bi yana iya tashi ya yi abin da ke gabansa alhali yana jin tsoro ba, kuma wannan tashin ma bangaskiya ce.

Baba ne ya warware mini. Bayan Kaka ta rasu, shi ma ciwon ido ya sa ya ajiye tuƙi, na je Tsafe gaishe shi. Muna zaune a tsakar gida yana ɓare gyaɗa, sai tsohon halina ya motsa.

Na ce, “Baba, akwai abin da na daɗe ina so in sani. Yaushe tsoron nan ya bar ka? Ranar da muka je Gusau da Kaka ne, ko daga baya?”

Ya ɗago ya dube ni da mamaki. Ya ce, “Wa ya ce miki ya bar ni? Ban taɓa wuce wurin nan ba tare da na ga fuskar Lawali ba, safe da yamma, har ranar da na mayar da makulli.”

Na ji ƙwalla ta cika mini ido. Na ce, “Duk shekarun nan? To yaya ka yi?”

Ya ce, “Yadda kika gani ranar nan. In rage gudu, in kira sunansa, in wuce. Ai a lokacin kuna buƙatar tuwo, Hannatu.”